Ƙashin Sakuram: Tambayoyi da Amsoshi kan Alamominsa da Amfaninsu a Asibiti

Ɗaliban jinya da na ungozoma, masu jinyar tsofaffi a gida, da iyayen da aka ce za a yi wa ɗansu allura a ƙasan baya, duk tambayoyinsu kan ƙashi ɗaya suke komawa. Ga waɗanda suka fi maimaituwa. Sunayen Hausa da za a gani, irin su goshi, fikafikai da ƙahonni, su nake amfani da su a aji, na kuma ajiye na littafi kusa da su saboda mai shirin jarrabawa.

1. Wane ƙashi ne sakuram, kuma a ina yake?

Ɗora tafin hannunka a ƙasan bayanka, ƙasa kaɗan da inda tazugen wando ke zama, yatsu na kallon ƙasa. Abin nan mai faɗi da tauri da ka dafa, shi ne. Kusurwa uku gare shi, faɗin a sama, tsinin a ƙasa, ya shige tsam tsakanin manyan ƙasusuwan kwatangwalo biyu. Gabansa da ke fuskantar hanji sumul yake, a loɓe kamar cikin ludayi. Bayansa kuwa tudu da kwari ne. Duk nauyin kai, ƙirji da ciki ta kansa yake bi kafin ya rabu zuwa ƙafafu biyu.

Da Hausa mukan ce ƙugu, kwankwaso ko tsatso, amma kowanne cikin ukun nan yanki guda yake nufi, ba ƙashi ɗaya ba. Shi ya sa idan ka ce wa likita ƙugunka ke ciwo, zai ce ka nuna masa da yatsa ɗaya. Dalilin haka yana tambaya ta 11.

2. An ce ƙasusuwa biyar ne. To me ya sa a hoto ɗaya nake gani?

Biyar ne a jikin yaro, ɗaya a jikin babba. Gadon bayan mutum yana da ƙasusuwa 33: bakwai a wuya, 12 a daidai ƙirji, biyar a ƙugu (L1 zuwa L5 daga sama zuwa ƙasa), biyar na sakuram, sai huɗu na wutsiya. Na sakuram ɗin, da ake kira S1 zuwa S5 daga sama zuwa ƙasa, guringuntsi ne ke raba su lokacin ƙuruciya. Wajen shekara 16 zuwa 18 suke fara mannewa, ba kuma sa gamawa sai mutum ya haura ashirin da biyar, wani ma sai ya doshi talatin. Layuka huɗu da ke kwance a gaban ƙashin su ne tabon wannan haɗuwa. Don haka idan an ga tsaga tsakanin S1 da S2 a hoton ɗan shekara 17, ba lallai karaya ba ce.

3. Shi ne ƙashin da hadisi ya ce ƙasa ba ta ci?

A'a, maƙwabcinsa ne. Hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ambaci ajbuz zanabi, malamai kuma sun fassara shi da ɗan ƙashin da ke can ƙarshen gadon baya, wato wajen ƙashin wutsiya da ke rataye a tsinin sakuram. Shi kansa sunan sakuram daga Latin ya fito, ma'anarsa ƙashi mai tsarki, su ma daga Girkawa suka aro.

4. Waɗanne alamomi ne hannu ke iya taɓowa daga waje?

Uku ne suka fi amfani. Na farko ’yan loɓa biyu da ake gani a ƙasan baya, dama da hagu, musamman a jikin siriri. Ƙarƙashin kowace akwai tsinin bayan ƙashin kwatangwalo, layin da ya haɗa su kuma yana ratsa S2. Riƙe wannan lamba da kyau, domin a nan jakar ruwan laka take ƙarewa a jikin babba. Na biyu doron tsakiya: bi tsakiyar baya da yatsa zuwa ƙasa, za ka ji ƙulle-ƙulle uku ko huɗu a jere. Akwai wasu jeri biyu a kowane gefe, amma nama ya binne su, sai a ƙashin da ke ɗakin koyarwa ake ganinsu sosai. Na uku tsagar ƙasa, wadda littafi ke kira hayatus, tare da ƙahonninta biyu, daf da saman tsagar ɗuwawu. Bayaninta yana tambaya ta 9.

Ɗaliban ungozoma su ƙara da wannan: idan aka haɗa loɓa biyun da ƙashin L5 a sama da farkon tsagar ɗuwawu a ƙasa, za a ga siffa mai kusurwa huɗu. Sunan Gustav Michaelis take ɗauke da shi, likitan haihuwa na birnin Kiel a Jamus, wanda ya rasu a 1848. Siffar da ta karkace gefe ɗaya tana iya nuna ƙugun da ya karkace.

5. Me ungozoma ke lalube can ciki lokacin da take duba faɗin ƙugu?

Goshin sakuram take nema, wanda littafi ke kira furomontori. Leɓen gaba ne na saman S1, ya turo kai cikin ƙugu kamar goshin dutse a bakin rafi. Shi ne bangon baya na ƙofar da kan jariri zai shiga, ƙashin mara kuma shi ne bangon gaba. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce mafi ƙunci a wannan ƙofa. Daga gefe zuwa gefe akwai wajen santimita 13, amma daga gaba zuwa baya 10.5 zuwa 11 ne kawai. Faɗin kan jaririn da ya cika wata tara kuwa wajen santimita 9.5 ne. Ka ga rarar ba ta taka kara ta karya ba, shi ya sa kan yakan shigo a kaikaice, fuska na kallon gefe, sai ya sauka cikin loɓar sakuram sannan ya juya.

Yatsa ba ya iya auna wancan layi kai tsaye, domin ƙashin mara ya tare. Abin da ake yi shi ne a sa yatsu biyu ta gaba, a miƙa na tsakiya can sama da baya, a lura da inda ƙasan ƙashin mara ya taɓa hannu. Wannan awon yakan kai santimita 12.5, sai a cire 1.5 zuwa 2 a sami na ainihi. Sababbin ɗalibai sukan dawo fuska a yamutse su ce, "Malam, ban taɓo shi ba." To ai labari ne mai daɗi. A yawancin mata yatsa ba ya kaiwa, rashin kaiwar kuma alama ce ta wadatar fili.

Abubuwa biyu ne suka fi rage wannan fili a wajenmu. Ɗaya ciwon laushin ƙashi na ƙuruciya, wanda ke gwame ƙafafun yara saboda ƙarancin kalsiyam ko bitamin D: nauyin jiki yakan tura goshin gaba tun ƙashi bai yi ƙwari ba. Ɗayan kuma ɗaukar ciki da wuri, domin ƙugun yarinya yana ci gaba da buɗewa ko bayan tsayinta ya tsaya.

6. Idan an taɓo goshin cikin sauƙi, shi ke nan sai tiyata?

Ba shi ke nan ba. Awon yatsa bai cika faɗin gaskiyar abin da zai faru ba, don kan jariri yana matsewa, gaɓoɓin ƙugu suna ɗan saki, tsugunno ma yana ƙara fili a ƙofar fita. A shawarwarinta na 2018 kan kula da mai naƙuda, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyi bayan a riƙa yi wa kowace lafiyayyar mace wannan awo ba idan ta zo haihuwa. Naƙudar ce alƙali. Abin da taɓo goshin yake faɗa shi ne, wannan mace ta haihu a inda ake bin saukar kan jariri sa'a bayan sa'a, kuma akwai ɗakin tiyata a kusa. Abin da ke biyo baya idan ba a yi haka ba yana tambaya ta gaba.

7. Me ya sa wasu matan ke jan ƙafa bayan doguwar naƙuda?

A dama da hagun goshi akwai faffaɗan ƙashi kamar fikafikai, sunansu ma a Latin ke nan, ala. Wata kakkaurar jijiyar laka da ta taso daga L4 da L5 tana kwance a kan kowane fiffike, babu wani naman kirki tsakaninta da ƙashi. Idan kan jariri ya maƙale kwana biyu ko uku, sai ya danne ta a jikin ƙashin. Ita ce ke ba da ƙarfin ɗaga tafin ƙafa sama, don haka mace takan tashi tana jan yatsu a ƙasa, silifa na zame mata. Matsin nan dai shi ne ta gaba yake kashe naman da ke tsakanin mafitsara da farji, ya bar yoyon fitsari. Abin da ya sa ake yawan ganin su tare ke nan.

Dakta Kees Waaldijk, likitan nan ɗan ƙasar Holan da ya yi aikin yoyon fitsari a Babbar Ruga ta Katsina tun shekarun 1980, ya yi rubutu kan wannan lahani na ƙafa a 1994 bayan nazarin mata 947. Da yawa ƙafar takan dawo a hankali cikin watanni zuwa shekara biyu, musamman idan ana motsa idon sawu kullum don kada ya sandare. Ba shan inna ba ne, ba kuma taka wani abu ta yi ba.

8. Ramukan da ke jikin ƙashin fa, na mene ne?

Takwas ne a gaba, takwas a baya, huɗu-huɗu a kowane gefe, ta nan jijiyoyin laka ke fitowa. Na gaba sun fi girma. S1 zuwa S3 suna haɗuwa da L4 da L5 su zama babbar jijiyar da ke bi ta ɗuwawu zuwa ƙafa, mafi kauri a duk jiki. Don gudun ta ne ake raba ɗuwawu gida huɗu a yi allura a gidan sama na waje. Allurar da aka soka a tsakiya ko ƙasa ta nakasa yara da dama. S2, S3 da S4 kuwa su ke riƙe da fitsari, bayan gida, da ƙarfin namiji. A ƙasashen da ke da kayan aiki ana zura siririyar waya ta ramin S3 don daidaita mafitsarar da ta ƙi riƙe fitsari, Amurka ta amince da wannan na'ura a 1997.

Mai ciwon baya da ya ga fitsari ya ƙi fita ko yana zuba bai sani ba, ko ya yi tsarki bai ji ruwa a tsakanin cinyoyi da dubura ba, ko ƙafafu biyu suka rasa ƙarfi lokaci guda, to asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Jijiyoyin nan ne aka shaƙe, jinkirin kwana ɗaya ko biyu kuma yana iya mai da lahanin na dindindin.

9. Za a yi wa ɗana aikin gwaiwa, an ce za a yi masa allura a ƙarshen baya. Ina ne wurin, kuma ba za ta taɓa laka ba?

Bangon baya na S5, wani lokaci har da S4, ba ya rufewa. Ya bar ’yar ƙofa mai siffar bakin tanti, tantani mai ƙarfi ya rufe ta, ƙahonni biyu na gadinta dama da hagu. Wasu likitocin Faransa biyu, Jean Sicard da Fernand Cathelin, kowanne a nasa ɓangaren, suka fara bin ta da allura a 1901. Yau ita ce hanyar da aka fi kashe wa yara zafi a ayyukan da ke ƙasa da cibiya: gwaiwa, kaciya a asibiti, gyaran mafitar fitsari, wasu ayyukan ƙafa.

Ga yadda abin yake a ɗakin tiyata. Yaro ya riga ya yi barci, an kwantar da shi a gefe, gwiwoyi a naɗe zuwa ciki. Likita zai taɓo tsinin wutsiya, ya hauro da yatsa a hankali har ya ji ƙulle biyu ƙanana kamar ƙwayar wake, da ’yar loɓa mai taushi a tsakani. Zai soka allura a karkace, ya ji ɗan "ɓus" lokacin da ta huda tantanin, ya kwantar da ita, ya ƙara ’yan milimitoci kawai. Sai ya ja sirinji baya ya duba: in jini ko ruwa garai ya fito, ba a zuba magani. Lakar kanta tana can nesa, ta ƙare a L1 ko L2 a babba, wajen L3 a jariri. Abin da ake kiyayewa shi ne jakar ruwan laka, wadda a jariri takan sauko har S3 ko S4, ƙasa da S2 ɗin da aka ambata a tambaya ta 4. Bayan aiki yaro yakan samu sa'a huɗu zuwa shida babu zafi. Ƙafafu suna iya yin nauyi na ɗan lokaci, kuma a lura da fitsarinsa na farko.

A jikin manya labarin ya sha bamban. Kitse ya rufe wurin, ƙahonnin ba koyaushe suke taɓuwa ba, a wasu ma ƙofar ta toshe da ƙashi. Ana koya wa ɗalibai cewa loɓa biyun nan da ƙofar suna yin kusurwa uku mai tsayi ɗaya. Ja-gora ce mai kyau, amma ban yarda a rantse da ita ba. Inda akwai na'urar sikanin ko hoton ƙashi mai motsi, a duba da ido ya fi.

10. Allurar bayan da ake yi wa mata lokacin tiyatar haihuwa a nan ake yin ta?

A'a, sama take, tsakanin L3 da L4 ko L4 da L5, kuma ita da gangan ake shiga cikin jakar ruwan. Ana gano wurin ta hanyar dafa saman ƙasusuwan kwatangwalo biyu, layin da ya haɗa su yakan faɗa wajen L4. Wurin da aka soka yana iya yin tsami na ’yan kwanaki, wasu kuma su yi ciwon kai mai tsananta idan sun tashi zaune. Amma ciwon ƙugun da ake ɗora wa allurar shekara da shekaru, sau da yawa na gaɓar da ke tambaya ta 11 ne, wanda ciki da goyo suka tayar.

11. Ciwona gefe ɗaya yake, daidai kan loɓar nan. Me ke wurin?

Gaɓar da ta haɗa sakuram da ƙashin kwatangwalo. Fuskar da suke haɗuwa tana kama da kunne, ta mamaye S1 zuwa S3, an ɗaure ta da igiyoyin nama masu ƙarfin gaske, motsinta bai wuce ’yan milimitoci ba. Ana ƙiyasta cewa kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na ciwon ƙasan baya mai daɗewa daga nan yake. Mai shi yakan ɗora yatsa ɗaya a ƙasa kaɗan da loɓar ya ce "nan ne", kuma juyi a kan gado, hawa bene, ko tsayuwa da ƙafa ɗaya wajen sa wando suna tayar da shi. Mai ciki ta fi kowa saninsa, domin sinadaran ciki suna sassauta igiyoyin.

Iri biyu ne bai kamata a tsaya shafa man zafi a kansu ba. Saurayin da ke tashi da asuba bayansa a sandare fiye da rabin sa'a, ya ji sauƙi in ya motsa, ya ji tsanani in ya huta, yana buƙatar a duba masa ciwon kumburin gaɓoɓin baya. Sai wanda ciwon ya zo masa da zazzaɓi, gumin dare da rama. Tarin fuka yana kama wannan gaɓa, haka ma cutar burusela da ake ɗauka daga madarar da ba a tafasa ba ko taɓa mahaifar dabbar da ta yi ɓari. Makiyayi ko mahauci ya faɗa wa likita sana'arsa tun kafin a tambaye shi.

12. Me ya sa gyambon kwanciya ya fi fitowa a nan?

Saboda doron tsakiya, fata ce kawai da ɗan kitse a kansa. Tsoho ya kwanta rigingine a kan katifa mai leda, ga zafi, ga danshin fitsari, an kuma tokare shi da matasan kai har yana zamewa ƙasa: fata ta manne da zani, ƙashi ya ja, ƙananan hanyoyin jini su tsinke. A baƙar fata ba a ganin jan da littattafai ke faɗa. Abin da za ka gani shi ne wurin ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, in ka taɓa da bayan hannu ka ji ɗumi ko tauri. A juya majinyaci duk sa'a biyu, a kishingiɗar da shi a gefe da matashi a bayansa, kada a ɗaga kan gado fiye da digiri 30 sai lokacin cin abinci. Kada a murza wurin, kada kuma a yi masa gammo, domin gammo yana tare jinin da ke zagaye ne.

Tunda an juya shi, a danna babban yatsa a kan ƙashin na ’yan daƙiƙu. Idan rami ya zauna, ruwa ne ya taru. Mai tafiya a ƙafa yake kumbura, na kwance kuwa a nan. Wannan ya shafi masu jego ƙwarai: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayyana yawan ciwon zuciya bayan haihuwa, suka danganta shi da kunun kanwa da zafin wankan jego da ɗumama gado. Mai jego da ke haki, ga kumburi a ƙasan baya, zuciyarta za a duba.

13. An haifi jaririyata da ɗan rami a saman tsagar ɗuwawu. In damu?

Galibi a'a. Idan ramin ɗaya ne, a tsakiya yake, faɗinsa bai wuce milimita 5 ba, nisansa daga dubura bai wuce santimita 2.5 ba, kuma ana ganin ƙasansa, to ba komai. Shuɗin tabo mai faɗi a wurin shi ma ruwan dare ne a jariranmu, yakan dushe da kansa. Wanda ake yi wa sikanin shi ne rami mai zurfi ko wanda ya yi sama, ko mai tuntun gashi, ƙari, ko ruwa na tsattsafowa. A yi da wuri, cikin watanni uku zuwa huɗu na farko, kafin ƙashi ya yi ƙwarin da zai tare na'ura.

Ƙari ko jaka a wannan wuri, don Allah kada a kai wa wanzami ya tsaga. Yana iya zama buɗaɗɗen gadon baya da jijiyoyi a ciki, ko wani ƙari da ke tsirowa daga ƙashin wutsiya, wanda ake samu a haihuwa ɗaya cikin 35,000 zuwa 40,000, ya kuma fi yawa a ’ya’ya mata. Ƙwayar folik asid, maikirogiram 400 kullum tun kafin a ɗauki ciki har makonni 12 na farko, tana rage haɗarin buɗaɗɗen baya sosai.

14. Yana karyewa? Mai ɗori zai iya da shi?

Yana karyewa, a haɗarin mota ko babur, ko faɗowa daga bishiya ko gini, kuma hoton ƙashi na yau da kullum yakan kasa nuna shi saboda iskar hanji ta rufe. Sitisikan ne ke fito da shi. A 1988 Francis Denis da abokan aikinsa suka raba karayar gida uku bisa alamomin da muka bi. Wadda ta tsaya a fiffike ta taɓa jijiya a wajen kashi 6 cikin ɗari na majinyatansu, wadda ta bi ta ramuka kashi 28, wadda ta shiga kogon tsakiyar ƙashin da jijiyoyin laka ke bi ta cikinsa kashi 57, a nan ne kuma fitsari da bayan gida ke lalacewa kamar yadda aka faɗa a tambaya ta 8. Tsofaffin mata masu zaizayar ƙashi kuwa yana iya tsage musu ba tare da wata faɗuwar kirki ba.

Ɗori ba shi da wurin kamawa a nan, ja da murɗa kuma suna iya ɓalle jijiyoyin jinin da ke shimfiɗe a gaban ƙashin, mutum ya zubar da jini a ciki ba a gani. Wanda ya yi haɗari yana kukan ƙugu, kada a tsayar da shi, kada a ɗora shi a babur. A naɗe zani a ɗaure shi tam daidai inda ƙasusuwan cinya suka turo a gefe, ba a kan cibiya ba, a haɗa ƙafafu, a ɗauke shi a kan abu mai faɗi da tauri.

15. Sakamakon hotona ya ce L5 ya manne da sakuram. Shi ne sanadin ciwona?

Wataƙila, amma kada a yi saurin yanke hukunci. Halitta ce da aka haife ka da ita: a wasu L5 ya manne, a wasu S1 ne ya ware ya zama kamar ƙashin ƙugu na shida. Mutane da yawa suna da haka har su mutu ba su sani ba. Likitan Italiya Mario Bertolotti ya danganta shi da ciwon baya a 1917, kuma hakan na faruwa, musamman idan gefe ɗaya ne ya manne. Haka ma idan takarda ta ce bayan S1 bai rufe ba alhali fata lafiya, ƙafa lafiya, fitsari lafiya, yawanci ba ya buƙatar komai.

Inda abin yake da muhimmanci shi ne ƙirga. Likitan tiyata daga sakuram yake ƙirgowa sama don gano ƙashin da zai yi wa aiki, mai allurar baya ma lissafinsa na tambaya ta 10 yana iya gocewa da mataki ɗaya. Ka adana takardar, ka nuna ta duk ranar da za a yi maka aiki ko allura a baya.